Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Lacca Kan Hutu A Karkara Da Bakin Teku, Da Kiyaye Kai A Ƙasashen Waje

 

Shugaban wannan zama, Allah ya ƙara maka girma. Iyayenmu masu riƙe da ƙasa, ardo da jauro na kowace unguwa, Allah ya ja zamaninku. Modibbanmu, Allah ya gafarta muku. Malaman makaranta, 'yan kasuwa, iyayenmu mata, samari da 'yan mata na Namtari, da baƙinmu da suka taso daga Ngurore da Yola da Jimeta, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan haka, waɗanda suka shirya wannan majalisi sun ɗora mini nauyin in yi magana a kan wani al'amari wanda galibinmu, da za a tambaye mu, za mu ce bai kai a tara dattawa dominsa ba, wato tafiyar da mutum kan yi ba don fatauci ba, ba don ta'aziyya ko ɗaurin aure ba, sai don ya huta, ya sha iskar karkara ko ya ga teku, tare da abin da ya wajaba ya kiyaye in tafiyar ta kai shi ƙasar da ba tasa ba. Na san akwai a cikinku wanda ke cewa a ransa wannan al'adar Turawa ce da ma'aikata masu hutun shekara, manomi da makiyayi kuwa ba su san wani abu wai shi hutu ba. Ina roƙon mai wannan ra'ayi ya yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, domin abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, tafiya sana'a ce mai ƙa'idoji, wadda kakanninmu suka ƙware a kanta, mu kuwa muka yi sakaci da ita tun ranar da mota da jirgin sama suka gajarta mana hanya. Kuma amincin matafiyi, ko Kiri ya nufa ko Jidda, a gida ake ƙulla shi tun bai sa ƙafa waje ba.

Hukuncin tafiyar hutu

Mu fara da hukunci, kamar yadda malamanmu suka saba. Fuƙaha'u sun kasa tafiya gwargwadon niyyar mai yin ta: akwai ta wajibi, kamar Hajjin farilla ga mai iko, akwai ta mustahabbi, kamar ziyarar dangi da neman ƙarin ilimi, akwai ta haram, kamar fita don tare hanya ko gudu da amanar mutane, sa'an nan akwai ta halal, wadda a cikinta tafiyar hutu take, matuƙar ba ta tozarta salla ba, ba ta kuma cinye haƙƙin iyali ba. Imamu Gazali ya keɓe fasali guda a cikin Ihya'u ga ladubban tafiya, ya kuwa lissafa duban ayoyin Allah a bayan ƙasa, duwatsu da tekuna da dabbobi, a cikin manufofin da mai hankali kan bar gida dominsu. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya nufi tafiyar burudi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80 a lissafin yau, yana yin kasaru har sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya sauka. Sai dai malaman mazhabar sun togace mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa tsantsa. Wannan togaciya ta ishe mu wa'azi: wanda zai fita hutu ya gyara niyyarsa, ya haɗa hutun da tafakkuri da zumunci da ilmantar da 'ya'yansa. Tafsilin mas'alar na bar wa modibbanmu, su ne ma'abotanta.

Ilimin da fatake suka bari

Kafin a shimfiɗa kwalta tsakanin Numan da Jimeta, ayarin fatake da ke tasowa daga Kano ko Katsina, ko Gwanja ya nufa neman goro, ko nan Fombina, wato ƙasar Adamawa, ya biyo zuwa Ngaundare da Tibati da Banyo neman hauren giwa, ba ya ɗaga ƙafa sai an san madugunsa, wanda kowa ke bin umurninsa. Da jagaba, wanda ke gaba don ya san hanya da mashigai. Da uban dawaki, mai tattara kuɗin fito da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Tun da asuba an san zangon da za a kwana, an san rijiyar da za a shayar da jakuna, kuma a kowane babban gari akwai fatoma, wanda zai sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso. Haka nan alhazan ƙafa, waɗanda kan bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, su haye Bahar Maliya zuwa Jidda, tafiyar da kan ci shekaru, har wasu su tsufa a Sudan ba su dawo ba: al'adarsu ita ce mutum ba ya fita sai ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar maƙwabta, ya kuma san a ayarin wa yake.

In muka tace wannan duka, za mu same shi abu uku ne: sanin hanya da lokacinta, amintaccen mutum a gaba, da ingantacciyar shaida a hannu. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu ya jawo wa kansa, ko da kuwa shi masani ne, kuma ba sai mun je nesa neman hujja ba. A watan Yuni na 1851, shekara goma bayan Modibbo Adama ya kafa Yola, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, mutum mai Larabci da Hausa a bakinsa, ya taso daga Kukawa, ya haye Binuwai daidai inda Faro ke zuba a cikinta, ya iso fadar Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama. Da wasiƙar Shehun Barno ya zo, kuma a cikin 'yan rakiyarsa akwai manzon Barno ɗauke da takardu kan wata ƙasar kan iyaka da ake jayayya a kanta. Lamiɗo kuwa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi yake, saboda haka ya sanar da baƙon cewa wasiƙar Sakkwato ita ce mai buɗe ƙofar Yola. Bai cika mako a garin ba aka sallame shi, ya juya da zazzaɓi a jikinsa. Mutumin da ya ƙetare Sahara lafiya, takardar da ba ta dace da ƙofar ba, da abokin tafiyar da bai dace da wurin ba, su suka mai da shi baya.

Karkararmu

Abin kunya ne a sami ɗan Adamawa wanda zai ba ka labarin kasuwannin Dubai tiryan-tiryan, alhali bai taɓa hawa Sukur ba. Sukur tana kan duwatsun Mandara a ƙasar Madagali, kuma ita ce wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya, a 1999. Mai zuwa can yakan bar mota a gindin dutse, ya kama wata hanya da magabata suka daɓe da faffaɗan duwatsu, tana hawa tana karkacewa, gonaki dama da hagu an yi musu matakala da jeren dutse don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa, har ya kai gidan Hidi, sarkinsu, wanda aka gina katangunsa dutse bisa dutse. A kewayen nan kuma zai ga kufan matoya, inda aka narka tamar da ta wadata maƙeran yankin da ƙarfen fartanya tsawon ƙarnoni. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara yarda da mai cewa kakanninmu ba su san hikimar gini da tattalin ƙasa ba.

Wanda guzurinsa bai kai can ba, ga Numan nan kusa, inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai. Ga madatsar ruwa ta Kiri a ƙasar Shelleng, wadda aka gama a 1982 don shayar da gonakin rake. Ga Ruwan Zafi a Lamurde. Ga duwatsun nan uku na Song masu tsayuwa kafaɗa da kafaɗa. Ga duwatsun Alantika a kan iyaka, mazaunin mutanen Koma. Ga gidan tarihi na Fombina a fadar Lamiɗo, wanda yaron Namtari zai iya zuwa da hantsi ya dawo kafin la'asar. Mai ƙarfin hali ya bi ta Toungo ya shiga Gumti, wato arewacin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji a Nijeriya girma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a ɓangarensa na Taraba ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Gaba kaɗan ga tsaunin Mambila, wanda muke jiha ɗaya da shi a zamanin Gongola har zuwa 1991, inda ake noman ganyen shayi a Kakara, inda kuma mutumin Yola zai nemi bargo a watan da 'yan gidansu ke kwana a tsakar gida.

Sai dai kowane ɗaya daga waɗannan wurare yana da lokacinsa da sharaɗinsa. Mafi dacewar lokaci shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan hanyoyi sun bushe, kafin zafin Maris da Afrilu ya sauko. Damina kuwa, musamman ƙarshenta, ba lokacin yawon bakin kogi ba ne, domin ku da kanku kun ga abin da Binuwai ta yi a 2012 da 2022, sa'ad da ruwan sama ya haɗu da wanda aka saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kuma ba ku manta da kwalekwalen da suka kife a Njuwa da Gurin a watan Satumba na 2023 ba. Jirgin da aka cika har ruwa ya kusa bakinsa, kada ka shiga ko da shi ne na ƙarshe. Kada ka yi fito da dare. Kuma rigar kariya ba ta rage wa babba girmansa. A Kiri da wasu guraben Binuwai akwai dorina, wadda ba a kusantarta, balle mai ɗa. Ruwan da ke kwance, komai kyaunsa ga ido, yana iya ɗauke da tsargiya, saboda haka a hana yara wanka a ciki. A lokacin kaka kububuwa na yawo a gonaki da gindin duwatsu; mai fita da dare ya sa takalmi sau-ciki, ya riƙe tocila, in kuwa ƙaddara ta faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau, a garzaya asibiti, domin saboda irin wannan ne ake da asibitin saran maciji a Kaltungo.

Sa'an nan ga sha'anin tsaro, wanda ba mai hankalin da zai ɓoye shi. Madagali da Michika da Mubi sun ɗanɗana hare-haren 'yan ta'adda a 2014, Sukur kanta ba ta tsira ba. Kuma ko da yake jama'a sun koma gidajensu, labarin hanya na bara ba ya amfani bana. A tambayi jami'an tsaro, a tambayi direbobin tasha waɗanda suka biyo hanyar jiya, a tashi da safe a sauka kafin magariba, kada a shiga gandun daji sai da masu gadinsa. In an isa ƙauye, a fara da gaisuwar jauro ko mai gari kafin a hau dutse, domin shi ne fatoman yau; kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa, don mutanen Koma da na Sukur mutane ne masu mutunci a gidajensu, ba abin kallo ba ne.

Bakin teku

Daga nan zuwa teku hanya biyu ce. Ko dai mutum ya gangara kudancin ƙasarmu, zuwa Kalaba ko Legas, inda zai tarar Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari an cike ta da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a kanta, amma Badagry na nan da tafarkin da aka bi da bayi zuwa jiragen ruwa. Ko kuma ya shiga Kamaru ta Garwa zuwa Ngaundare, ya hau jirgin ƙasan da ya iso garin tun 1974, ya kwana a ciki ya wayi gari a Yawunde, daga nan mota ta kai shi Kiribi mai farin yashi, inda kogin Lobe ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku. Limbe ma tana da nata abin mamaki, wato baƙin yashi a gindin Dutsen Kamaru mai aman wuta, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000. Amma tana cikin yankin masu magana da Ingilishi, wanda ke fama da rikici tun 2016, saboda haka ba a nufarta sai da sabon labari.

Abin da na fi so ku riƙe game da teku shi ne wannan: ɗan Binuwai yakan isa gaɓa da yaƙinin cewa ya iya ruwa, kuma wannan yaƙini shi ne babban abokin gabarsa. Kogi fuska ɗaya yake tafiya, wanda ya san shi ya san inda zai yar da shi. Teku kuwa tana zuwa tana komawa, tana cika tana janyewa sau biyu tsakanin dare da rana. Ka tsaya ruwa iya gwiwa, igiya ta buge ka ta wuce, sa'ad da take komawa sai ka ji yashi na zarewa daga ƙarƙashin dugaduganka, kafin ka gyara tsayuwa wata ta iso. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa kuwa dole ya nemi mafita, sai ya yanki wata siririyar hanya ya koma ciki da gudun da ko gwanin iyo ba ya tsere masa. Kuma abin da ke yaudarar baƙo shi ne, wannan hanya ita ta fi kama da wurin aminci, domin a nan ne igiya ba ta fashewa, ruwan ya yi duhu ya kwanta, yana jan kumfa da tarkace zuwa ciki. Wanda ya faɗa cikinta kada ya yi kokawa da ita yana neman gaɓa, ƙarfinsa ne zai ƙare. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ya yi kira, ya yi iyo a kaikaice bisa tsawon gaɓa har ya fita daga janta, sa'an nan ya nufo tudu. Inda aka kafa jar tuta ba a shiga. Babbar riga da zani da hijabi in sun sha ruwa nauyi ne da ke jan mai su ƙasa. Yaro ba ya wuce tsawon hannun babba. Masuntan wurin kuma, waɗanda aka haifa a kan wannan ruwa, a gaishe su a tambaye su, matambayi ba ya ɓata.

Ƙetare iyaka

Mu mutanen kan iyaka muna da wata lalura ta musamman. Saboda kawunmu yana Garwa, gwaggonmu tana Ngaundare, harshe ɗaya, tarihi ɗaya tun zamanin Fombina, mukan manta cewa wanda ya haye Faro daga Gurin ya shiga wata daula mai nata dokoki, kuma jandarman da zai tare shi a hanya ba zai tambaye shi nasabarsa ba, takarda zai ce a ba shi. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata shida, don ƙasashe da yawa haka suke sharɗantawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar, ko da yake ita ma tana karɓar ɗan Nijeriya ba biza na irin wannan wa'adi. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun fita a Janairun 2025, don haka mai nufin can ya bincika halin da ake ciki kafin ya tashi. Katin allurar shawara wajibi ne a kan iyakoki da yawa, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. Wanda ya sayi kati bai yi allura ba ya yaudari jami'i, amma bai yaudari sauro ba. Saudiyya tana neman allurar sanƙarau ga alhazai. Sefar Kamaru da Cadi daban take da sefar Nijar da Benin, ko da darajarsu ɗaya. Kuɗin da ya haura dala 10,000 ana bayyana shi ga kwastan. A ware kuɗin komowa kada a taɓa shi, domin Mansa Musa na Mali, wanda ya yi ta rabon zinariya a Misira a 1324, sai da ya ci bashin 'yan kasuwar Alƙahira kafin ya koma gida. A yi kwafin fasfo, a bar ɗaya a gida, a ajiye hotonsa a waya, a kuma rubuta adireshin ofishin jakadancinmu na ƙasar da aka nufa, ko na Yawunde ne, ko na Riyad, ko ƙaramin ofishi na Jidda, domin su ne za su ba wanda fasfonsa ya ɓata takardar komowa gida bayan ya kai rahoto ga 'yan sanda.

Yanzu ga wurin da kunya ke halaka mutanenmu. Kana zaune a filin jirgi da jakarka, sai ga wani kamili, da tasbaha a hannu, ya durƙusa ya gaishe ka, ya ce: "Alhaji, don Allah don Annabi, ga ɗan saƙo ka miƙa wa ƙanena a Jidda, kuka ce da daddawa, zai same ka a masauki." Kai kuwa tarbiyyarka ta hana ka cewa a'a ga wanda ya haɗa ka da Allah. To, ka sani duk abin da aka samu a cikin ƙullin nan naka ne a idon doka, kuma hukuncin fataucin ƙwaya a Saudiyya yana kai wa ga kisa. Amsar ita ce: "Malam, ka yi haƙuri, ba na karɓar saƙo." Ko wanda bai karɓa ba ma sai ya yi tsaron kayansa. A Disamban 2018 an kama wata ɗaliba 'yar ƙasar nan a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta, ba ta fito ba sai ƙarshen Afrilun 2019, bayan binciken hukumar NDLEA ya nuna wasu miyagu ne suka yi aikin tun daga filin jirgin da ta tashi. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga takardun shaidar da aka liƙa maka a kan tikiti, lissafin ya zo daidai. Mai shan magani ya riƙe takardar likita, domin abin da ake sayarwa a kantin magani a Jimeta yana iya zama haramtacce a Dubai ko Alƙahira. Goro ma, da muke gani ba komai ba, hukumar alhazai tana gargaɗi kowace shekara kada a shiga da shi ƙasa mai tsarki. Kada kuma a ɗauki hoton bariki ko gidan mulki a ƙasar mutane.

Sai dillalan biza, masu bin gida-gida suna ce wa iyaye: "Aiki na jiran ta, ba sai kun biya ko kwabo ba." Yarinya ta sauka a karɓe fasfonta, a ce sai ta biya kuɗin da aka kashe mata, ba ta da igama, wato takardar izinin zama, ba ta san harshe ba, ba ta san ƙofar da za ta buga ba. Don irin wannan aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Mai nufin Hajji ya bi ta hukumar alhazai ta jiha, ko kamfanin da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi, kada ya yarda da mai ce masa ya shiga da bizar ziyara ya laɓe har Arfa; a Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50 a Makka, fiye da mutum 1,300 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, saboda haka ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar da za ta ɗauke su. Masu bin Sahara kuwa, ya ishe su izina abin da ya faru a Oktoban 2013 a arewacin Arlit, inda aka tsinci gawar mutum 92, akasarinsu mata da yara daga kudancin Nijar, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace. Dukkan waɗannan ayari ne da ya tashi ba madugu na gaskiya.

Tawakkali da riƙon sababi

Wataƙila wani ya ce: ai kwana in ya ƙare ya ƙare, mene ne amfanin wannan dogon lissafi? Wannan shubuha ba sabuwa ba ce. Sa'ad da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa Sarga, labari ya same shi cewa annoba ta ɓarke a gabansa, sai ya yi shawara da sahabbai, ya yanke komawa Madina da jama'arsa; da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ita ma a cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya fi mu imani ya juya daga hanya saboda labarin da ya samu, ba wanda kuwa ya kira shi matsoraci. Saboda haka fasa tafiya in labari ya ɓaci ba gazawa ba ne, kuma addu'ar tafiya da istihara ba su ɗauke wa mutum duba tayar mota da neman labarin hanya ba.

Ina kira ga shugabannin makarantunmu su riƙa fitar da ɗalibai, ko sau ɗaya a shekara, zuwa gidan tarihi na Yola ko mahaɗar ruwa ta Numan, da malami a gaba da malami a baya, don yara su koyi tafiya cikin tsari tun suna ƙanana. Ina kira ga iyaye, kada ɗa ko 'ya su bar gida da sunan hutu ko aiki sai an amsa muku tambaya huɗu: ina za a, da wa za a, wurin wa za a sauka, yaushe za a dawo. Ina roƙon iyayenmu ardo da jauro, duk baƙon da ya shigo unguwa yana rubuta sunayen 'yan mata da alkawarin aiki a waje, a kira shi ya nuna lasisinsa a gaban hukuma. Ina kuma roƙon modibbanmu, in sun kai babin sallar matafiyi, su haɗa wa almajirai da ladubban tafiya na wannan zamani. Ku fita ku ga ƙasar da Allah ya ba ku, ku ga ta maƙwabtanku, amma kada ɗayanku ya tashi sai ya san hanyarsa, ya san mai masaukinsa, takardarsa kuma ta inganta.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya zaunar da Adamawa da Nijeriya cikin aminci.